Wai kowa zai iya zuwa ya karɓo sunayen masu lasisin bindiga?

Ɗan Gangare ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masu ilimin doka da duk wanda ya san kan abin nan ku taimaka min. Shin gaskiya ne wai akwai dokar da ta ba kowa dama ya rubuta wa 'yan sanda takarda ya ce a ba shi jerin sunayen mutanen da ke da lasisin bindiga a unguwa ko a ƙaramar hukuma, har da adireshinsu, kuma dole su ba shi?

Abin da ya sa nake tambaya, kawuna yana da bindiga mai baki biyu da lasisinta tun muna yara, mutum ne mai gona a kan hanyar Bauchi kuma yana kiwon kaji a can, wani lokacin har kwana yake yi. Ko a cikin gida ba kowa ya san da ita ba, tana kulle a akwatin ƙarfe, harsashin kuma a wani wuri daban. To akwai wani matashi a unguwarmu mai harkar ƙungiyoyin nan na sa-kai, yaron kirki ne wallahi ba na zarginsa da komai, shi ne ya tashi a taron matasa ya ce zai rubuta wa hedkwatar 'yan sanda su ba shi sunayen duk masu lasisi a Jos ta Arewa ya sa a guruf ɗin WhatsApp na unguwa, wai idan aka san masu riƙe da makami bisa ƙa'ida to duk wanda aka gani da bindiga sunansa ba ya ciki an san ta haram ce. Maganar ta koma kunnen kawu kuma tun ranar hankalinsa bai kwanta ba, yana cewa shi ya bi doka ya kai kansa ya ba da hoto da adireshi, yanzu kuma bin dokar ne zai jawo masa ɓarayi har gida.

Ni dai na fahimci abin da yaron yake nufi, garin nan mun sha wuya da makamai, amma jikina bai ba ni ba sam. Shin doka ta yarda? Kuma ko da ta yarda, ku a ganinku daidai ne?

Barista Wuse ya rubuta:

Wa alaikumussalam Malam. Ka ce wa kawu ya kwantar da hankalinsa. Dokar da yaron yake magana a kai tana nan, ita ce dokar 'yancin samun bayanai wadda ake kira FOI, Jonathan ya sa mata hannu a watan Mayun 2011. Gaskiya ne ta ba kowane mutum dama ya nemi bayani daga hukumar gwamnati ba sai ya faɗi dalilinsa ba, kuma hukumar tana da kwana 7 ta amsa, idan ta hana sai ta rubuta dalili, wanda aka hana kuma yana iya zuwa kotu cikin kwana 30. Wannan ɓangaren shi mutane suke ji su tsaya a nan. Amma sashe na 14 na dokar ya ce hukuma ta ƙi ba da bayanin da ya shafi sirrin mutum, sai in mai bayanin ya yarda, ko abin dama a fili yake kowa na iya gani, ko kuma amfanin jama'a a fitar da shi ya rinjayi sirrin mutumin ƙarara. Ga kuma sashe na 12 da ya shafi aikin tsaro da bincike. Sunan mutum da lambar gidansa da irin makamin da yake ajiye a ɗaki, ni ban ga yadda za a ce wannan ba sirrin mutum ba ne. Ƙari a kan haka sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa, sannan ga dokar kare bayanai da Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta ɗora wa duk wanda ya karɓi bayananka nauyin kada ya yi amfani da su sai a kan abin da ya karɓa dominsa. Kawu ya ba da adireshinsa ne domin a ba shi lasisi, bai bayar don a raba a WhatsApp ba.

Sai kuma mu gane irin lasisin da ake magana. Dokar makamai tamu tsohuwa ce, ta 1959 ce, ta raba bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta, irin bindigogin soja da masu sarrafa kansu, kuma fistol da rabalba ma suna cikin wannan rukunin, waɗannan sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai na amfanin kai irin mai baki biyu ta kawu da bindigar farauta, waɗannan Sufeto Janar ke ba da lasisinsu. Sai na gargajiya da ake ɗurawa ta baki irin na maharba, su kuma kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai matsalar gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Kuma lasisi na mutum ɗaya ne a kan bindiga ɗaya, ba a gadonsa ba a aronsa, wannan ku riƙe shi da kyau ku 'yan gida.

Abin da yaron zai iya nema kuma a ganina yana da hujja shi ne adadi. Lasisi nawa aka bayar a jihar Filato, a wace shekara, wane iri, nawa aka soke, nawa suka ƙare ba a sabunta ba. Sashe na 18 ma ya ce idan takarda tana da ɓangaren da ba a fitarwa to a cire shi a ba da sauran. Ku ba shi shawara ya bi ta nan.

Maman Ilham ta rubuta:

Barista na ji bayaninka kuma na gode amma gaskiya ni zuciyata ba ta natsu ba. Ku maza idan ana maganar bindiga ɓarawo kawai kuke hangowa daga waje, mu kuma mun san wani lokacin abin tsoron yana cikin gidan ne. Ƙanwata ta yi aure wajen wani mutum da kowa ke ganin girmansa, sai da aka shiga aka ga halinsa, idan ransa ya ɓaci ba ya dukanta ma, bindigar kawai zai ɗauko ya zauna a falo yana gogewa da tsumma yana kallonta, ita da yara suna ɗaki sun yi tsit ko tari ba mai yi. Da ta faɗa wa manya sai aka ce ai mutumin yana da lasisi, shi ke nan magana ta mutu, kamar lasisin takardar shaidar hankali ce. Har yau da auren ya mutu ba mu san ko da gaske yana da lasisin ba ko faɗa kawai ya yi, domin ba mu da hanyar da za mu bincika.

To ku gaya min, iyayen da za su ba da 'yarsu ba su da haƙƙin su sani? Ana binciken asalin mutum da sana'arsa, ana gwajin jini kafin ɗaurin aure, amma a ce makamin kashe mutum a ɗaki shi ne sirri? Ni 'ya'yana suna shiga gidajen maƙwabta su yi wasa a nan Rikkos, yara ba abin da ba sa buɗewa, ba kowa ba ne irin kawun Ɗan Gangare mai akwatin ƙarfe, wani ƙarƙashin katifa yake turawa. Ba na cewa a zuba sunaye a WhatsApp, wannan kam ganganci ne, amma a ce ƙofa a rufe take ruf ba wanda zai iya tambaya ko da yana da dalili, ni ban yarda da wannan ba.

Injiniya Bukuru ya rubuta:

Wannan gardamar da kuke yi Amurkawa sun yi ta shekara da shekaru kuma yana da kyau mu ga inda ta kai su, duk da yanayinsu daban da namu. Su a can riƙe bindiga haƙƙi ne a tsarin mulki, kuma jihohi suna ba da izini na musamman na mutum ya yi yawo da fistol a ɓoye a jikinsa, cikin riga ko jaka, wanda mu nan farar hula ba shi da wannan kamar yadda Barista ya nuna. Da can a jihohi da yawa sunayen masu izinin nan yana cikin takardun gwamnati da kowa zai iya nema.

A 2007 wata jarida a jihar Bajiniya mai suna Roanoke Times ta sa sunaye da adireshin masu izinin na jihar gaba ɗaya a shafinta na intanet, mutane suka yi ca, domin a ciki akwai matan da suka gudu daga mazajen da ke neman ransu, akwai tsofaffin jami'an tsaro, ba a daɗe ba jaridar ta sauke. Wanda ya fi yin ƙara shi ne na Disambar 2012. Bayan harbin makarantar Sandy Hook inda aka kashe yara 20 da manya 6, jaridar Journal News ta jihar New York ta nemi sunayen masu lasisin fistol a ƙananan hukumomin Westchester da Rockland ta hanyar dokar samun bayanai, aka ba ta, ta yi taswira, kana danna ɗigo sai sunan mutum da gidansa su fito. Ƙaramar hukumar Putnam ita ta ƙi bayarwa. Abin ya yi zafi har wasu suka rama ta hanyar wallafa adireshin ma'aikatan jaridar, jaridar ta ɗauko masu gadi da bindiga su tsare ofishinta. Kuma ba masu bindigar kaɗai suka ji haushi ba, maƙwabtansu ma sun ce ai taswirar ta nuna wa ɓarawo gidan da babu bindiga. A Janairun 2013 jihar ta yi sabuwar dokar makamai, a ciki aka ba mai lasisi dama ya cike fom ya ce kada a fitar da sunansa, jaridar kuma ta sauke taswirar. Yanzu mafi yawan jihohinsu sun rufe waɗannan bayanan.

Wanda ni ya fi damuna a matsayina na mai aikin kwamfuta shi ne na Kalifoniya a watan Yunin 2022. Nan ba ɗan jarida ba ne ya nema, ma'aikatar shari'a ta jihar da kanta ta buɗe shafi don nuna wa jama'a adadi kawai, irin abin da Barista ya ce a nema, sai ya zamana waɗanda suka haɗa shafin sun bar asalin bayanan a bayansa yadda kowa zai iya saukewa. Sunaye, ranar haihuwa, adireshi, na mutum wajen 192,000 da suka nemi izini, har da alƙalai. Bai kai kwana ɗaya cur a buɗe ba aka rufe, amma wanda ya sauke ya riga ya sauke. Binciken da aka yi daga baya ya ce ba da gangan ba ne, rashin ƙwarewa ne da rashin sa ido.

Shi ya sa ni tsorona a nan gida ba takardar da yaron zai rubuta ba ce, wannan za a ƙi shi. Tsorona ranar da za a ce an mayar da rajistar makamai kan kwamfuta ba tare da tsaro mai kyau ba. A 2024 duk mun ji yadda aka gano shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira ɗari. Idan bayanan katin ɗan ƙasa sun fita haka, ku yi tunanin jerin gidajen da ke da bindiga a hannun masu garkuwa da mutane. Fayil ɗin takarda mai ƙura a kabad, duk da lalacewarsa, sai mutum ya je da ƙafarsa ya buɗe, na kwamfuta kuwa minti ɗaya ya isa a kwashe na jiha guda.

Alƙalamin Tudu ya rubuta:

Injiniya ka kawo rabin labarin Amurka ka bar rabi. Ni aikin jarida nake yi kuma dole in kare wannan ɓangaren. A jihar Fulorida, kafin su rufe bayanan a 2006, jaridar Sun-Sentinel ta samu jerin sunayen ta haɗa shi da bayanan kotuna, a farkon 2007 ta fitar da rahoto cewa sama da mutum 1,400 da suka amsa manyan laifuka a kotu ko suka ƙi musantawa suna riƙe da izinin yawo da bindiga. Ba ta zuba adireshin kowa a taswira ba, aikin bincike ta yi, kuma da ba ta ga sunayen ba babu yadda za a yi a gano. Adadi kaɗai ba zai nuna maka wannan ba. Hukuma za ta ce maka mun ba mutum dubu kaza lasisi duk mun tantance su, kai kuma ba ka da abin da za ka gwada maganarta da shi.

Mu dawo gida. Tambayar da ta fi ta kawu muhimmanci ita ce su wa ake ba lasisi a ƙasar nan kuma ta wace hanya. A watan Yunin 2022 gwamnan Zamfara na lokacin Bello Matawalle ya fito ya ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, ya ce a raba fom ta hannun masarautu, sai babban hafsan tsaro na lokacin Janar Irabor ya ce gwamna ba shi da wannan ikon. Gwamna Masari ma a Katsina ya yi irin wannan kiran, Gwamna Ortom a Binuwai ya nemi a ba dakarun sa-kansa izinin riƙe AK-47. A 2018 Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da umarnin a tattaro haramtattun makamai, a 2023 kuma Sufeto Janar Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Duk wannan hayaniyar an yi ta, amma wane ɗan ƙasa ne zai iya gaya maka bayan kowace sanarwa lasisi nawa aka bayar, nawa aka karɓe, makaman da aka tattara suna ina? Idan ɗan siyasa ya samo wa yaransa takardu ana gobe zaɓe ta ina za mu sani? Sirrin da muke cewa a ba talaka mai gona shi ne dai babban mutum zai lulluɓa da shi.

Ni matsayina, a bar adireshin mutane, na yarda, ko ni aka ba ni ba zan buga ba. Amma mai riƙe da muƙamin gwamnati, da kamfanonin tsaro, da duk wata rundunar sa-kai da gwamnatin jiha ta kafa da kuɗin jama'a, waɗannan bai kamata su ɓuya a bayan sashe na 14 ba. Kuma ya kamata a samu wani a wajen 'yan sanda, ko kwamitin majalisa ko kotu ko cibiyar nan ta kula da ƙananan makamai da aka kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin mai ba da shawara kan tsaro, wanda zai riƙa buɗe fayil ɗin yana dubawa yana gaya wa jama'a abin da ya gani. Wanda ya ba da lasisi ba zai zama shi kaɗai ne mai duba kansa ba.

Baba Sarkin Baka ya rubuta:

Yarana sannunku da ƙoƙari, jikana ne yake rubuta min ina faɗa. Duk wanda yake garin nan a Satumbar 2001 da Nuwambar 2008 da Janairun 2010 ya san abin da takarda mai sunaye take iya yi. Ku da kuke kawo misalin Amurka, can idan an ga suna a jerin, sunan mutum ɗaya aka gani. Nan Jos idan aka ga suna, addini aka gani da ƙabila da unguwa. Ranar da jerin nan ya fita, kafin la'asar wani ya ƙirga ya ce ga Musulmi nawa ga Kirista nawa, ga na Anguwar Rogo ga na Tudun Wada, kowane ɓangare ya ɗauki nasa lissafin ya ce kun gani suna shiri. Wanda bai taɓa tunanin sayen makami ba sai ya fara. Mun sha wahala kafin mu kai inda mutum zai je Terminus ko Faringada ya yi cinikinsa ya dawo lafiya, kada a zo da takarda a mayar da mu baya.

Na biyu, yaron nan ya ɗauka masu lasisi su ne masu bindigar garin. Ɗana, wanda ya je ya cike fom ya kai hoto ya kawo masu tsaya masa, ba shi ne yake tare hanya ba. Masu tare hanya da masu shiga ƙauyuka da dare ba su taɓa taka ofishin kowa ba. Ka buga sunan masu lasisi kamar ka ƙirga awakin da ke ɗaure ne ka ce ka san adadin kurayen daji. Kuma masu satar mutane yanzu ba sa zuwa sai da infoma a cikin gari, abin da suke fara tambaya shi ne wane gida ne zai yi turjiya, su fara da shi ko su kauce masa. Bindiga kanta dukiya ce a wurinsu, sukan shiga gida dominta kaɗai.

Mu a al'adar farauta ba a rasa wanda ya sani. Sarkin baka ya san maharbansa, mai unguwa ya sani, DPO ya sani. Idan yaro ya fara wasa da makami ko ya fara shaye-shaye mu muke fara karɓewa kafin hukuma ta ji. Hajiya Maman Ilham, abin da aka yi wa ƙanwarki zalunci ne kuma manyan da suka ce ai yana da lasisi sun yi kuskure babba. Mutumin da zai tsorata iyalinsa da bindiga ya zubar da mutuncin riƙe ta, da a cikinmu yake da ranar za ta bar hannunsa.

Barista Wuse ya rubuta:

Hajiya, ƙofar ba a rufe take ruf ba, kuma na so a ce an gaya wa ƙanwarki wannan tun lokacin. Ba kya buƙatar ganin jerin sunaye kafin ki ɗau mataki. Tsorata mutum da makami laifi ne ko da lasisi ko babu. Abin da ake yi shi ne a rubuta ƙorafi, a sa rana da abin da ya faru da waɗanda suka gani, a kai wa DPO a kuma aika kwafi ofishin kwamishina, a karɓi shaidar cewa an karɓa. Su ne za su duba ko yana da lasisin, in babu ya shiga uku domin riƙe bindiga ba izini babban laifi ne, in kuma akwai to wanda ya bayar yana da ikon sokewa. A nan Abuja dokar hana cin zarafin mutane da ake kira VAPP ta 2015 ta ba kotu dama ta ba da umarnin kariya ga wadda ake yi wa barazana, har ta sa a karɓe makamin da ke hannun mutumin, kuma jihohi da yawa sun yi irin tata. Ko a shari'ar rabuwar aure ko riƙon yara lauya zai iya roƙon kotu ta umarci 'yan sanda su kawo bayanin lasisin mutum ɗaya tak da ake shari'a da shi. Bambancin ke nan, tambaya a kan mutum ɗaya saboda dalili a gaban alƙali, da kuma kwashe na kowa da kowa a watsa.

Malam Alƙalami, a kan masu muƙami da rundunonin da ake biya da kuɗin gwamnati ina tare da kai, nan ne ma maganar rinjayen amfanin jama'a za ta yi aiki, kuma tunda Kotun Ƙoli ta yanke a 2025 cewa dokar FOI ta hau kan jihohi ma, gwamnatin jiha ba za ta ce ba ruwanta ba. Ku rubuta ku nema, in an hana ku je kotu, haka ake faɗaɗa doka.

Maman Ilham ta rubuta:

Na gode Barista, na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Zan ajiye wannan bayanin domin akwai wata a layinmu da take cikin irin halin yanzu haka. Amma fa ku sani macen da ke cikin gidan tana tsoron ko leƙa ƙofa ba ita ce za ta rubuta ƙorafi ta kai ofis ba, sai in akwai namiji a danginta da zai tsaya mata, kuma yawanci su ne masu cewa ki yi haƙuri. Ni da za a ji tawa, kafin a ba mutum lasisi ko a sabunta masa a riƙa tambayar matarsa a keɓe ba a gabansa ba, domin ita ta san shi fiye da masu sa masa hannu a fom. Kuma maganar masu neman aure har yanzu ban samu amsa ba.

Ɗan Gangare ya rubuta:

Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Hajiya, a kan neman aure ni ina ganin waliyyi ya tambayi mutumin kai tsaye a gaban manyansa, kana ajiye makami a gida ko a'a, in ya ce e a ce ya nuna takarda da inda yake kullewa, wanda ya ji haushin wannan tambayar ya riga ya ba da amsa. Zan karanta wa kawu abin da Barista da Baba suka ce. Yaron kuma zan same shi bayan sallar isha'i in nuna masa maganar neman adadi da ta rundunonin sa-kai, domin yana da ƙwazo kuma ya iya rubutu, gara ya sa ƙarfinsa a can. Barista in ba damuwa ka turo min samfurin yadda ake rubuta takardar FOI ɗin ta inbos, da wanda ya kamata a sa wa adireshi, kwamishina ne a nan Jos ko sai an aika Abuja wajen Sufeto Janar?